Kyanwa da Sabuwar Faɗuwa

Tun kafin Kawu ya zo buɗe shago Kyanwa ya riga ya ja buhunan dusar katako zuwa bayan gini, ya jera su a gindin bango, ya tattake su da ƙafa har suka baje. Ya koma gefe ya tsaya yana kallonsu kamar wanda aka miƙa wa magani mai ɗaci. Jikinsa duk ciwo yake. Ƙugunsa na hagu ya yi baƙi, cinyar ma haka. Ya ja numfashi, ya ɗan rusuna, ya taka, ya faɗi.

Taki, cinya, ƙugu, gefe. Haka sabon Koci ya ce a riƙa faɗuwa.

Shi kuwa ba haka ya saba ba. Tun yana ɗan ƙarami yake tsaron raga, kuma ba wanda ya koya masa. Ƙwallo in ta taho, sai dai ya wurga kansa gaba ɗaya, hannu ɗaya a miƙe can, ya sauka yadda Allah ya so. Wannan tsallen ne ya sa aka laƙaba masa Kyanwa, har sunansa na yanka ya ɓace a bakin mutane. Tsallen nan ne kuma ya gocar masa da kafaɗar dama. Karon farko a bakin fili aka ja ta ta koma, ya ci gaba da harkarsa. Na biyun sai da aka kwashe shi a bayan mota zuwa asibiti yana cizon wuyan rigarsa. Likitan da ya mayar da ita bai ɓoye masa komai ba: in ta sake fita sai an yi aiki, bayan aikin kuma ya manta da raga.

Watanni ya yi da hannu a rataye a wuya. Kafin ya dawo an canza musu koci. Sabon kocin tsohon gola ne, gajere, mai furfura a gemu, ba ya ɗaga murya. Ranar farko ya wurga wa Kyanwa ƙwallo ɗaya, ya ga yadda ya faɗi, ya ce, "Kai ai ba faɗuwa kake ba, zubar da kanka kake yi." Sannan ya kwanta a ƙasa da kansa ya nuna masa. A fara taka ƙafar da ke kusa da ƙwallo. Hannu biyu su tafi tare a gaban ƙirji. Cinya ce za ta fara taɓa ƙasa, sai ƙugu, sai gefen jiki. Kada gwiwar hannu ta kuskura ta shiga ƙarƙashin jiki, kada a sauka a kan miƙaƙƙen hannu.

"Ba za ka shiga min raga a gasa ba sai na ga ka faɗi haka," in ji shi. "Ban damu da sunanka ba."

Ranar Asabar za a koma gasa. Ranar Alhamis Koci zai faɗi wanda zai tsaya a raga, ko Kyanwa ko Tsinke, dogon yaron da ya riƙe wurin tun da aka ɗauke Kyanwa zuwa asibiti.

Yana kwance a kan buhunan ya ji ƙarar makullai. Kawu ne, ƙanen mahaifiyarsa, kafinta, wanda Kyanwa yake yi wa aiki tun da ya gama sakandare. Ya leƙo bayan ginin da fensir a bayan kunne.

"Mutane na tashi da safe su nemi abin da za su tsaya da ƙafarsu," in ji Kawu, "kai kuma kana tashi ka nemi inda za ka faɗi."

"Ina kwana, Kawu."

"Lafiya lau. Dusar nan ta mai kaji ce, yau zai aiko a ɗauka. In ka fasa min buhu kai za ka ɗinke, ka ji na gaya maka. Ina ƙwallon?"

Kullum haka suke yi. Kawu ya yi faɗa, sannan ya naɗe hannun riga ya ɗauki ƙwallo. Ya wurga, Kyanwa ya taka ya faɗi ya cafke. Ya sake wurgawa. Dusa na tashi tana shiga musu hanci.

"Kawu, ka canza hannu mana. Duk hagu kake jefo min."

"Hannuna ne ba ya juyawa can. Tsufa."

Kyanwa bai ja zancen ba. In za a faɗi gaskiya ma, daɗi ya ji.

Suka shiga aiki. Akwai ƙofar wani gida da za a goge da samfefa, da kujerun makaranta da za a buga wa ƙusa. Duk lokacin da aka zo ɗaga katako mai nauyi sai Kawu ya riga shi kamawa, ya ce ya je ya kawo gam ko ya nemo guduma da ke gaban idonsu. Kyanwa ya yi ta gugar ƙofa da hannun hagu, na daman yana dafe da gefe. Kafaɗar ba ta ciwo. Abin da take yi ya fi ciwo ban haushi: tana nan, yana jin ta, kamar baƙon da ya ƙi tafiya.

Da la'asar ya tafi atisaye. Filin nasu ciyawarsa ta ƙare tun tuni, sai ɗan abin da ya rage a kusurwoyi. Gaban raga kuwa jar ƙasa ce tsantsa, ta yi rami saboda taku. Aka yi gudu, aka miƙe jiki, sannan Koci ya ce 'yan gaba su jeru su yi ta bugu. Tsinke ya fara shiga. Ya kama wasu, wasu suka wuce shi, ya fito yana tsaki yana tofar da yawu. Sai Kyanwa.

Ranar kamar an ɗaura wa ƙwallo zare a hannunsa. Kyaftin ya buga, ya cafke. Ɗan Hagu, mai bugu da ƙafar hagu, ya buga, ya ture. Wani ya ɗirko ta ƙasa-ƙasa, ya taka, cinya, ƙugu, gefe, ga ta a ƙirjinsa. Masu jiran layi suka fara tafi.

"Kyanwa ya dawo!"

"Tsinke, je ka share benci, wurinka na jiranka!"

Tsinke ya zauna a kan ƙwallo yana kwance safar hannunsa. Kyanwa ya tashi yana haki. Tun da ya dawo bai ji ƙirjinsa ya buɗe irin na yau ba. Ya waiga wurin Koci. Koci na tsaye da hannu a baya, fuskarsa ba ta nuna komai.

Ya busa usur. "Gola, zo nan."

Kyanwa ya zo.

"Duba rigarka."

Ya duba. Bai ga komai ba sai datti.

"Duba da kyau. Wandon ma."

Sai a lokacin ya gani. Gefen hagu, daga hammata har gwiwa, ya yi jawur da ƙasa. Gefen dama kuwa fes, kamar yanzu aka karɓo daga wurin mai guga.

Koci ya juya wurin sauran. Bai ɗaga murya ba, amma kowa ya ji. "Na zuba muku ido kwana da kwanaki, na ce ko idona ne. Ashe duk ƙungiyar nan ba mai ƙafar da ke buga wa hannun daman gola. Har Ɗan Hagu, wanda ƙwallonsa can take zuwa ko yana barci. Wa ya shirya wannan?"

Wani ya sunkuya yana ɗaure igiyar takalmin da ba ta kwance ba. Can Kyaftin ya share gumi da bayan hannu. Shi ne abokin Kyanwa tun firamare, shi ne kuma ya riƙe masa kai a bayan mota ranar da abin ya faru.

"Ni ne, Koci."

"Don me?"

"Koci, ba ka nan ranar. Ni na ji ƙarar. Daga tsakiyar fili na ji ta, wallahi. Na ce musu kowa ya lallaɓa, a bari ta yi ƙwari tukuna."

"To waɗanda za mu kara da su ran Asabar, ka je ka gaya musu su ma su lallaɓa?"

Wani ya fara dariya ya haɗiye ta.

"Kun cuce shi," in ji Koci. "Da tausayi kuka cuce shi. Kafaɗar da ba ta da komai ta iya sabuwar faɗuwa. Wadda na koyar dominta ko sau ɗaya ba ta gwada ba." Ya dubi Kyanwa. "Kai kuma kada ka ce min ba ka sani ba. Gola ya san inda ƙwallo ke zuwa."

Kyanwa ya sake duban rigarsa. Ya sani kuma bai sani ba. Duk lokacin da ɗan gaba ya ɗaga ƙafa, jikinsa ya riga ya karkata hagu, ƙwallon kuma sai ta zo ta same shi a can. Ya ɗauka idonsa ne ya dawo.

Bai jira Kyaftin ba da aka tashi. Ya bi ta bayan kasuwa da ƙafa, takalman a rataye a wuya, masu shaguna na ta jan ƙofofi. A gida ya tarar da Inna tana kwashe shanya. Ya cire rigar ya jefa a bokiti, sai kuma ya ɗauko ta ya baza mata.

"Inna, kin lura da wannan?"

Ta kalla sau ɗaya ta ci gaba da ninke zani. "Ni nake wankewa, ai dole in lura. Gefe ɗaya nake cuɗawa."

"Ba ki faɗa min ba."

"In faɗa maka me? Godiya nake wa Allah. Da son samu ne ma duk gefen biyu su dawo min fes." Ta miƙa masa kwalbar man zafi. "Ungo. Kawunka ya ce ƙugunka ya yi baƙi."

Wato har Kawu yana ciki. Ya karɓi kwalbar ya shiga ɗaki ya zauna bakin katifa, bai shafa ba. Haushi yake so ya ji, amma gajiya ta hana. Duk wanda ya yi masa wannan abu, don yana sonsa ne. Ya yi ta lissafa mutanen da ya sani, yana neman wanda ba zai ji tausayinsa ba. Mutum ɗaya ya samu.

Tsinke a wurin wankin mota yake aiki, kusa da tasha. Da safe Kyanwa ya same shi tsaye a kan taya yana wanke saman wata bas, wando a naɗe, ƙafafu kamar sandunan rake.

"Babban gola," in ji Tsinke daga sama. "Mota ka kawo?"

"So nake ka buga min."

"Ga 'yan gaba can kana da su, masu ƙaunarka."

"Hannun dama nake so a buga min."

Tsinke ya matse soso, ruwan kumfa ya zubo kusa da ƙafar Kyanwa. "Bari in gane. In bar barcina, in zo in taya ka ƙwace min wuri."

"E."

"Ko kunya." Ya ci gaba da wanki. Sai da ya gama gefe guda sannan ya ce, "In ta fita ba ruwana. Ba zan riƙe maka kai a mota ba, amai nake yi in na ga irin wannan."

"Na ji."

"Kuma ba zan lallaɓa ba."

"Shi ya sa na zo."

Washegari da sassafe suka haɗu a fili, ba kowa sai awaki a kusurwa. Tsinke ya jera ƙwallaye a bakin layi. Bai ce a shirya ba. Ya ɗirko ta farko, ƙasa-ƙasa, hannun dama.

Kyanwa bai motsa ba. Ya ga ƙwallon, ya san inda za ta, ƙafafunsa suka ƙi. Ta wuce ta girgiza raga.

"Sannu, gunki," in ji Tsinke. Ya buga ta biyu.

Wannan karon ya faɗi, amma faɗuwar tsoro, ya dunƙule hannun a ciki kamar mai ɓoye abin sata, ya sauka da gwiwa. Ta uku ma haka. Ya tashi ya kakkaɓe, ya ce a ransa: taki, cinya, ƙugu, gefe. Ya taka. Cinya ta taɓa, ƙugu ya taɓa, haƙarƙari ya bugi ƙasa, kafaɗar ta zo daga ƙarshe ta kwanta a hankali. Ya tsaya a kwance yana sauraren ta. Ba ta ce komai ba.

"Ka yi kyau," in ji Tsinke. "Saura ka riƙa yi kafin ƙwallon ta shiga. Tana can a baya tana jiranka."

Matsalar ke nan. Sabuwar faɗuwa tana da tsari, tsarin kuma yana cin lokaci. A hagu jikinsa ya haddace, ba ya tunani. A dama sai ya karanto ta ɗaya bayan ɗaya kamar ɗan aji ɗaya, kafin ya kai ƙugu an riga an ci shi. Tsinke kuwa ba ya gajiya da bugu, ba ya gajiya da baki.

"Kakata ta fi ka saurin kwanciya, ita da take da ciwon baya."

"Buga."

"Wai da can da gaske kai ne Kyanwa, ko wani ne mai kama da kai?"

"Buga, na ce."

Suka yi har rana ta fara zafi. Ya tafi shago da ƙugun dama a kumbure, ya kasa tsugunawa ya ɗauki ƙusa. Kawu ya dube shi, ya dubi gefen wandon. Can da rana ya ajiye masa kujera kusa da teburin aiki ya ce gugar nan a zaune ma ana yin ta.

Safiya ta biyu ya fara taɓa wasu. Ba kamawa ba, taɓawa, ƙwallo ta goge yatsu ta shiga. Daga baya ya ture ɗaya ta fita. Sannan ya cafke ɗaya da hannu biyu, ya kwanta da ita a ƙirji, ƙasa a bakinsa. Tsinke ya tsaya riƙe da ƙugu.

"Wannan kuskurena ne, ban same ta da kyau ba."

"Ƙarya kake."

"To ƙarya nake. Tashi."

Da suka zauna shan ruwa Tsinke ya cire takalmi yana murza yatsun ƙafa. "Ka san abin da ke ba ni haushi? Watannin nan ina tsaye a ragar nan, in na kama su ce sa'a, in aka ci ni su ce da Kyanwa ne. Babana ya ce zai zo kallo ran Asabar. Bai taɓa zuwa ba."

Kyanwa ya kurɓi ruwa.

"Ba roƙonka nake ba," in ji Tsinke. "Faɗa maka kawai nake. Tashi mu ƙarasa, mai gidana zai cinye ni."

Ranar Alhamis hadari ya haɗu bai zubo ba, iska ta tsaya cak. Tun a gudun farko riguna suka jiƙe. Koci ya jera 'yan gaba, ya ce, "Duk wanda ya buga hagu ya zagaya fili har sai na ce ya isa." Sannan ya je ya tsaya a bayan raga, inda zai ga komai.

Suka yi ta bugowa. Ɗan Hagu ya ci shi. Kyaftin ya buga wata mai sanyi kamar yana ba da haƙuri, Koci ya nuna masa hanyar zagaye da yatsa, ya tafi yana gunaguni. Kyanwa ya yi ta faɗuwa. Taki, cinya, ƙugu, gefe. Wasu sun shiga, wasu ya ture, wasu ya riƙe. Ba irin ranar da ake masa tafi ba ce, amma duk faɗuwar da ya yi ta Koci ce. Sau ɗaya ya ji murya daga bayan raga, ƙasa-ƙasa: "Haka." Kalmar ta shige shi kamar ruwan sanyi.

"A raba biyu," in ji Koci. "Wasa. Kyanwa can, Tsinke nan."

Wasa daban yake da layi. Ba wanda ke jiran ka shirya. Ana ihu, ana ture juna, ƙura na tashi, 'yan baya na tare maka gani. An ɗan jima ba abin da ya zo masa sai ƙananan abubuwa. Ya fara tunanin ko haka za a tashi. Sai ɗan bayansa ya yi sakaci aka ƙwace, aka zura wa Kyaftin. Kyaftin ya yanke mutum ɗaya, ya shigo da gudu. Gajiyar zagaye da haushin Koci sun sa ya manta da tausayi. Ya sake ta da duk ƙarfinsa, ƙasa-ƙasa, can gindin ƙarfen dama.

Kyanwa bai yi tunanin komai ba. Bai taka ba. Sai dai ya ji kansa a iska, a miƙe gaba ɗaya, hannun dama shi kaɗai can gaba. Yatsunsa suka same ta, ta bugi ƙarfe ta fita. Ya sauka a kan hannun, duk nauyinsa a kai.

Filin ya ɗauki ihu. Har masu wucewa a bakin hanya suka tsaya. Kyaftin ya kama kai da hannu biyu yana dariya, ya rugo. "Kyanwa! Wallahi Kyanwa! Wa zai kama wannan in ba kai ba?"

Shi yana kwance, fuska a ƙasa, yana jira. Wani zafi ya taso daga kafaɗar ya bi wuya har bayan kunne. Ya motsa yatsu, sun motsa. Ya ja hannun a hankali zuwa jiki. Tana wurinta. Ba ta fita ba. Ya tashi zaune yana murmushin da bai kai ciki ba, suna ta dukan bayansa.

Usur ya yi ƙara, doguwa.

Koci ya tako daga tsakiyar fili, bai yi sauri ba. Ya tsuguna gabansa, ya danna kafaɗar da babban yatsa nan da can, yana kallon fuskarsa. Ya miƙe.

"Tsinke ne zai tsaya ran Asabar."

Ihun ya mutu. Kyaftin ya ce, "Haba Koci! Ba ka ga abin da ya yi ba?"

"Na gani. Ya kama ƙwallon da ba mai kamawa a garin nan."

"To?"

"To da wace faɗuwa ya kama?" Koci ya juya ga Kyanwa. "In kana da lokacin tunani, tawa kake yi, kuma ka fara iyawa. In lokaci ya ƙure, taka ce ke fitowa. Ran Asabar ba wanda zai ba ka lokaci. Yau ta bar ka. Ba zan tsaya a bakin fili ina jiran ranar da ba za ta bar ka ba."

"Koci, wasa ɗaya," in ji Kyaftin. "In muka faɗi an cire mu."

"Da ka bar su sun buga masa dama tun ranar da ya dawo, da yau ba ma wannan maganar. Kowa ya tafi ya huta."

Kyaftin ya sunkuyar da kai. Kyanwa ya miƙe yana kakkaɓe ƙasa. Abin da ya fi damunsa shi ne, lokacin da yake a iska ɗin nan, ya ji daɗin da bai ji ba tun kafin asibiti. Kuma ya san in aka sake bugo irinta gobe, haka zai sake yi.

Ɗakin canza kaya ƙaramin ɗaki ne mai benci biyu da ƙusoshi a bango, kullum warin gumi da man zafi. Suka yi ta shiga suna fita, ba mai yawan magana. Wasu suka dafa shi suka wuce. Kyaftin ya tsaya a bakin ƙofa ya ce zai jira shi, Kyanwa ya ce ya tafi, zai biya wani wuri. Ya zauna har ɗakin ya rage shi da Tsinke, wanda yake ta kiciniyar cusa takalmi a jaka ba tare da ya ɗago ba.

Kyanwa ya kama gindin rigarsa zai cire. Hannun dama ya tashi zuwa ƙirji ya tsaya. Ya sake gwadawa, zafin ya sa ya runtse ido. Ya gwada da hagu kaɗai, rigar ta manne da gumi ta maƙale a baya. Ya sake ta ya zauna yana numfashi.

Tsinke ya ajiye jaka. Ya zo ya tsaya a bayansa.

"Sunkuya."

"Bar shi."

"Sunkuya, malam, ina da wurin zuwa."

Ya sunkuya. Tsinke ya kama rigar daga baya ya jawo ta ta kai, ya zare hannun hagu, sannan ya bi da ita ta hannun dama a hankali, kamar mai tuɓe wa jariri. Ya jefa masa ita a cinya.

"Ka sa ƙanƙara. Kuma ka je likita ya gani, kada ka yi taurin kai."

"Kada ka faɗa wa Kyaftin."

"Me zan faɗa masa? Ni ban ga komai ba." Ya rataya jaka. A bakin ƙofa ya tsaya, bai juyo ba. "Kamun nan dai... ni ba zan iya ba."

"Gobe da safe?" in ji Kyanwa.

"Gobe barci zan yi, ina da wasa jibi. Kai ma hannunka ba zai ɗagu ba." Ya gyara jakar a kafaɗa. "Litinin, in likita ya yarda."

Ya fita. Kyanwa ya zauna da rigar a cinya. A waje an fara yayyafi, yana jin sa a kan kwano. Ya jawo rigar gida da hannun hagu, ya duba ta, ya fara tunanin ta inda zai soma sakawa.